Bangon Abu Majid

Nura ne ya tsokano ni. Ranar Juma'a ce, mun sauko daga masallaci muna zaune a ɗakinmu na unguwar Manfuha a Riyad, an shimfiɗa leda a ƙasa an juye shinkafa da kaza, mu bakwai. Sai ya dube ni, baki duk maiƙo, ya ce, "Baba Ilu, ni fa na gaji da tuƙin nan. Ka ɗauke ni aikinku mana ni ma in huta. Na kalla a waya, ba wani abu ba ne. Ka jingina katako, ka harba masa ƙusa, ka yi gaba."

Sauran suka fashe da dariya, har da masu tafi. Na bar shi ya ci gaba da bayani, hannuwansa biyu a sama yana nuna yadda ake riƙe bindigar ƙusa, na miƙa nawa hannun na ɗauke cinyar kazar da ke gabansa. Sai da na tsotse ƙashin tas sannan na ce su gyara zama. Abin da na gaya musu ranar shi zan maimaita a nan, don na lura ba Nura kaɗai ba ne. Ku yaran yanzu, in kun ga abu na minti uku a waya sai ku ɗauka shi ma aikin minti uku ne.

A Zariya na koyi kafinta, wajen Malam Tanimu, a bayan 'yan katako na Sabon Gari. Shekara guda cur ban taɓa zarto ba. Aikina shi ne miƙar da tsofaffin ƙusoshi. Za a cika mini gwangwani da su, duk a lanƙwashe, ga tsatsa, in ɗora a kan guntun ƙarfen dogo in dinga bubbugawa ɗaya bayan ɗaya. Babban yatsan nan nawa da ya yi faɗi kamar cokali, can na samo shi. In na kawo, Malam Tanimu zai mirgina kowace ƙusa a kan benci. Wadda ta yi rawa sai ya jefo mini ita a ƙirji, ko ɗago kai ba ya yi. A shekara ta biyu aka ba ni zarto, a ta uku na hau rufi. Lokacin da na samu bizar zuwa Riyad na yi shekara goma sha ɗaya a sana'ar, kuma a ganina babu abin da ya rage a katako wanda ban sani ba.

Kafilina, wato mutumin da iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ke ƙarƙashin sunansa, Abu Turki ake ce masa. Yana da ƙaramin shagon kafinta da ma'aikata tara. Shi ya damƙa ni a hannun Mu'allim Hasan, wani gajeren dattijo mutumin Sham, mai fensir a bayan kowane kunne. Ranar farko na ce masa, "Mu'allim, ni fa siminti da dutse kawai nake gani a garin nan. Ina katakon yake?" Ya ce in hau mota.

Ashe katakon a bayan gidajen mutane yake. A kwatas ɗin baƙi, da gidajen masu hali, da istiraha, wato gidajen shaƙatawa na bayan gari, mutum zai yi baranda ya zagaye ta da raga don ya sha iska ba ƙuda ba sauro. Sai ya yi bazara biyu ya gane ba iskar da zai sha. Rana ta dafa shi a zaune, ƙura kuma ta ratso ragar nan kamar gari a rariya, ta sauka a kan kujeru da kofuna. Sai a kira mu, a ce a rufe barandar ta zama ɗaki a sa mata na'urar sanyi. Shekara ashirin da biyu ke nan ina rufe wa mutane wuraren da suka buɗe da kansu.

Ga yadda ake yi. A cire ragar. A kafa firam da tubaifo, tsakanin kowane katako da ɗan uwansa santimita arba'in, ana dubawa da mizan, abin nan mai ɗigon ruwa a tsakiya da muke ce wa filam a gida. Kada ka taɓa yarda da daɓen baranda. Da gangare aka yi shi don ruwa ya gudu, in ka bi shi bangonka zai tafi a karkace kamar mai ciwon ƙugu. Sai a cusa audugar gilas mai tare zafi, wadda za ta sa ka kwana biyu kana susa kamar mai ƙazuwa, a lulluɓe da baƙar takarda mai hana ruwa. Bayan duk wannan ne ake isowa ga abin da Nura ya gani a waya: manyan fallayen katako, faɗi ƙafa huɗu, tsayi ƙafa takwas, masu tsagi a fuska, waɗanda su ne fatar ɗakin ta waje. Falle na farko shi ne liman. In ya karkace ko da kaurin farce ne, duk sahun ya karkace, kuma ba za ka gane ba sai ka kai kusurwar ƙarshe ka tarar da giɓin da hannunka zai shige.

Aikin da ya fara sauke mini girman kai na gidan wani likita ne Ba'indiye. An kawo fallaye daga Dammam, sun daɗe a bakin teku sun sha laima. Mu'allim Hasan zai tafi umara, ya ce in jera su a inuwa, in sa 'yan guntaye a tsakaninsu iska ta ratsa, in bar su mako guda. A raina na ce wannan ai lalacin tsufa ne. Kafin ya isa Makka na kafa su duka, na manne su tsam, na sa fenti mai ruwan ƙasa, ɗaki ya fito kamar na cikin mujalla. Likita har hoto ya ɗauka da ni. Bayan wata guda iskar Riyad ta tsotse katakon nan. Kowane falle ya motse, kowace mahaɗa ta buɗe, farin katakon da fenti bai taɓa ba ya leƙo, layi-layi daga sama har ƙasa. 'Ya'yan likita suka sa wa ɗakin suna jakin dawa.

Mu'allim bai yi mini faɗa ba. Ya kai ni gidan, ya ari kujera ya ajiye a gaban bangon, ya zaunar da ni, ya sayo mini shayi, ya ce, "Shuf." Wato duba. Ya shiga mota ya yi tafiyarsa. Awa biyu ina zaune ina kallon jakin dawa, yaran suna leƙe ta taga suna ƙyalƙyala dariya. Da ya dawo ya ce, "Ya Ilyas, shi katako bai san ya mutu ba. Da zafi ya rame, da laima ya yi ƙiba. In ba ka bar masa wuri ba zai samar wa kansa." Daga ranar na san dokokin: a bar katako ya saba da iskar gari kafin a kafa shi, a shafa fenti a gefunansa shida har da waɗanda ido ba zai gani ba, a bar giɓi mai kaurin ƙusa tsakanin falle da falle, kuma kada ƙasansa ya taɓa daɓe, a ɗaga shi kamar yatsa uku. Na cire bangon nan da hannuna na sake shi, ranar hutu.

Sai maganar agogo. Mu'allim yana da wani ɗan agogo mai kiran salla, bai fi sabulun wanka girma ba. Duk inda muke aiki sai ya ɗora shi a kan katakon firam, don ƙarar injin yanka ba ta bari a ji masallaci. Muna rufe barandar wani Bature injiniya, ranar Alhamis, ina sauri a gama kafin hutu. Na kafa falle na ƙarshe, na toshe ramukan ƙusa, na yi fenti. Mu'allim ya tafi da mota kawo wasu kaya, ni ina wanke burushi, sai na ji an ɗaga murya a bayana ana kiran la'asar. Na waiga, ba kowa. Daga cikin bango ne.

Na tsaya na yi tunani. Fentin ya yi kyau ƙwarai. Na ce wataƙila batir zai mutu kafin Asabar. Da Mu'allim ya dawo yana laluben aljihu yana neman agogonsa, har ƙarƙashin kujerar mota na taya shi dubawa.

Batir bai mutu ba. Ranar Lahadi Bature ya kira, ya ce ya riga ya kai ƙara wajen mai kula da kwatas cewa an ɗaura masa lasifika a lambu, an zo an caje ko'ina ba a ga komai ba, amma shi ya rantse bangonsa ne ke magana sau biyar a rana. Muka je. Mu'allim ya dubi agogon hannunsa ya ce mu jira azahar. Muka tsaya mu huɗu a gaban bango: ni, shi, Bature, da kukun gidan, wani Basudane. Lokaci na yi bango ya ɗauka. Mu'allim ya sunkuyar da kai, ya amsa kiran sallar nan kalma bayan kalma har ƙarshe, ya yi addu'a ya shafa. Sannan ya cire hularsa ya zabga mini ita a ƙeya. Kuku kuwa roƙo ya dinga yi a bar agogon a inda yake, wai tunda ya fara aiki a gidan bai taɓa samun salla a kan lokaci irin na kwana ukun nan ba. A ranar na koyi cire falle ba tare da na fasa shi ba, kuma na gane dalilin da ya sa ba a nutsar da kan ƙusa cikin katako. Wata rana kai ne za ka zo cirewa.

Shekarar korona ita ce mafi muni a duk zamana a nan. Lokacin Mu'allim Hasan ya tsufa ya koma wajen 'yarsa, ni ne mu'allim a shagon. Aka rufe gari, muka zauna a ɗaki muna kallon silin. Da aka sassauta kuma ba mai son baƙo ya shigar masa gida. Abu Turki ya tara mu ya ce ba zai iya riƙe kowa ba, duk wanda iƙamarsa ta ƙare sai dai ya yi masa takardar tafiya gida. Mutum huɗu suka tafi a kan idona. Tawa za ta ƙare ne da shigowar sanyi, ga 'ya'ya biyar a Zariya, biyu suna tsakiyar karatu.

Ana cikin tsananin zafi Abu Turki ya kira ni ya ce an samu aiki, amma fuskarsa ba ta mai albishir ba ce. Gidan kawunsa ne, Abu Majid. Ya ce, "Ka saurare ni da kyau, ya Ilyas. Mutumin nan shi ya rene ni, ba na iya musa masa. Ya kori kafinta biyu kafin kai. In ya kore ka, ni ba abin da zan iya yi maka."

Abu Majid tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya haura saba'in, shi ya sa nake ce masa Ammi, wato baffa. Kullen ya tara masa 'ya'ya da surukai da jikoki a gida ɗaya, hayaniya ta ishe shi, yana son a rufe masa barandar baya ya samu wurin ɓuya. Gefe uku ne a buɗe: na gaba inda za a sa ƙofa, da na dama da na hagu. Matsalar ita ce duk watannin da ya yi a kulle, kallon aikin kafinta ya yi a waya. Ya ajiye kujerar roba taku biyu daga inda nake aiki, ga butar gahawa, ga dabino, ga waya a hannu, takunkumi a haɓa.

Firam da auduga da takarda duk mun wuce su lafiya, sai dai gyaran murya. Ranar da na ɗora falle na farko a kan 'yan guntaye don ya ɗaga daga daɓe, ya miƙe tsaye.

"Mene ne wannan?"

"Don ruwa ne, ya Ammi. In an wanke tsakar gida, ko an yi ruwan sama, kada katako ya sha."

"Ruwan sama? A Riyad? Ƙofar kunama dai ka bar mini!"

Na nuna masa kwanon da zan lanƙwasa in toshe wurin ta ciki, ko kiyashi ba zai wuce ba. Ya zauna yana ƙunƙuni. Na kawo falle na biyu, na soka ƙusa a tsakani na auna giɓi. Ya zaro katin shaidarsa daga aljihu, ya zura a mahaɗar, kati ya shige.

"Katina ya shiga! Ɗaki na ce a yi mini ko kwando? Wanda nake kallo a waya ko gashi ba ya ratsa aikinsa." Ya fara latsa waya yana neman lambar Abu Turki.

Ku duba inda na tsinci kaina. In na ƙi, gobe ba ni a gidan. In na bi shi, katakon nan da ya bushe ƙayau a wannan zafi zai kumbura da ruwan farko, kuma ruwan farko da ƙarewar iƙamata tare za su zo. Kafin wayar ta shiga na ce, "Ya Ammi, dakata. Ni na ga alama ka fi ni sanin sabon salo, ni tsohon hannu ne. Me zai hana kai ka zama mu'allim a bangon gaba, mai ƙofa, wanda baƙi za su gani? Kai ka ba da umarni, ni in buga. Na gefen nan biyu da ba mai kallonsu, ka bar ni in yi musu irin namu na ƙauye."

Ya kashe wayar. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Ashe kana da hankali."

Na yi nawa biyun yadda aka koya mini, na rufe kowace mahaɗa da siririn katako. Sai muka zo kan nasa. Tsoho ya ɗaura ɗankwalinsa irin na mazan Larabawa a ka kamar ɗan kwangila, ya tsaya yana ba da oda. "Sauke shi ƙasa. Ƙara. Matsa shi. Ƙara matsawa. Buga masa guduma!" Allah ya gafarta mini, na matsa. Abu biyu kawai na yi da bai sani ba: na ɗaure bangon da sukuru maimakon ƙusa don ya yi sauƙin kwancewa, na kuma yanka wasu fallaye daidai awonsa na ɓoye a shago.

Da muka zo falle na ƙarshe, na kusa da ƙofa, sai shaiɗan ya raɗa mini wani abu. Na ce, "Ya Ammi, a al'adar mu'allimai, duk wanda ya jagoranci bango yakan sa hannu a bayan falle kafin a rufe." Babu wata al'ada irin wannan, a nan tsaye na ƙirƙiro ta. Ya aika aka kawo masa babban alƙalami mai baƙar tawada. Da rubutunsa mai kyau na tsohon ma'aikacin ofis, manyan baƙaƙe, ya rubuta cewa an yi wannan bango bisa tsari da umarnin Abu Majid, ba tare da giɓi ko ɗaya ba. Ya sa hannu har da jela. Ya ce in je in ci abinci tawada ta bushe. Na dawo na ɗaure falle, aka yi fenti, aka sa na'urar sanyi. Ya ba ni kwalin dabino, ya ce in na dage zan koya.

Wata huɗu shiru. Sai sanyi ya shigo, aka kwana biyu ana ruwa. Da hantsi Abu Turki ya tsaya a ƙofar gidanmu ya danna ham. "Yalla, ɗauko kayan aikinka." Saura kwana goma sha biyu a iƙamata.

Bangon gaba ya yi tumbi kamar wanda ya dawo daga walima. Fallayen sun ture juna, sun rasa wurin zuwa, sun bulluƙo waje, ƙasansu ya jiƙe ya yi baƙi. Ƙofa kuma ta cije. Ashe bayan sallar asuba tsoho ya shiga da butar gahawarsa, ya ga ƙofar tana gardama ya sa kafaɗa ya rufe ta da ƙarfi. Ya shanye buta guda shi kaɗai. Da gahawa ta nemi hanyar fita, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Ta taga 'ya'yansa suka zaro shi, jallabiyarsa ta yage tun daga hammata har ƙugu.

Mun tarar da shi a tsakar gida ya sake riga, 'ya'yansa maza huɗu a jere a bayansa, kowa ya ƙura wa takalminsa ido. Daga bayan ƙofar kicin kana jin mata suna ta fama da dariya, ana toshe baki da mayafi.

"Ga shi nan!" ya daka tsawa. "Wannan ne ya kulle ni a gidana, a gaban jikokina! Ya Abu Turki, yau ɗin nan ka sa shi a jirgi!"

Bangona biyu suna nan a miƙe kamar rula. Ba wanda ya kalle su. Kai ka ce an yi wa kowa doka kada ya juya wuya.

Na ce, "Ya Ammi, ka ba ni izini in buɗe mu ga abin da ya faru."

"Buɗe! Kowa ya ga aikinka!"

Na sa diril na kwance sukurorin fallen da ke kusa da ƙofa. Ya saki da ƙara, na janye shi na zagaya bayansa. Rubutun nan yana nan raɗau, jelar sa hannun tana daidai hancina. Juyi ɗaya kawai zan yi kowa ya karanta. Na leƙa ta gefen falle na dubi tsoho. A daidai lokacin ya tuna. Bakinsa yana buɗe zai ƙara wata tsawar, sai ta maƙale. Ya dubi falle, ya dube ni, ya saci kallon 'ya'yansa.

Na rungume fallen ta yadda rubutun zai manne da ƙirjina, na tafi da shi a gicciye kamar ƙaguwa har jikin katanga, na jingina shi fuskar rubutun tana kallon bulo. Na kakkaɓe hannu. Na tsuguna na ƙwanƙwasa wani fallen, na kara kunne kamar likita.

Na ce, "Na gano, ya Ammi. Laifin katakon ne. Akan samu irinsa jefi-jefi, da ciwonsa yake zuwa, ba a ganewa sai ya ji ruwa. Maganinsa ɗaya ne, a sa wani, a bar masa ɗan giɓi kamar kaurin ƙusa, a ɗaga shi daga ƙasa kaɗan."

Kowa ya zuba wa tsoho ido. Har matan kicin suka leƙo.

Tsoho ya yi gyaran murya. "Ai na faɗa," in ji shi. "Tun ranar farko na ce katakon nan bai kwanta mini ba." Ya juya kan Abu Turki. "Kai ne ka je ka kwaso katakon banza don araha! Wannan bawan Allah me ya yi? Hannunsa tsaf yake, ni na horar da shi. Na ji an ce iƙamarsa ta kusa ƙarewa? Ka sabunta masa cikin makon nan. Akwai wata barandar a istiraha da nake so a rufe."

Abu Turki ya ce, "An gama, ya Khali," wato kawu, yana cizon leɓe.

Na ce bari in duba shago ko za a dace da fallaye daidai awon. Ikon Allah, aka dace. Kafin la'asar bango ya miƙe, ƙofa tana buɗewa da ɗan yatsa. Ina haɗa kaya tsoho ya matso kusa da ni, ya nuna fallen da ke jingine da haɓa, ya yi ƙasa da murya.

"Yanka shi."

"Ya Ammi, ai samansa lafiya lau yake. Zai yi kanta mai kyau."

"Ƙanana, ya Ilyas. Ƙanana."

Ya tsaya a kaina, ya baje riga ya kare ni daga taga, har sai da kowane baƙi ya rabu da ɗan uwansa. Da kansa ya tsince guntayen ya zuba a buhu, ya ɗaure, ya ce na hura wutar gahawa ne.

A hanyar dawowa Abu Turki ne ke tuƙi. Muna shan kwana ta biyu ya gangara gefen titi ya tsaya, ya kifa kai a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka ciwo ne ya kama shi. Ashe dariya ce ta hana shi numfashi. Da ƙyar ya zaro waya ya miƙo mini.

Hoto ne. Ga Abu Majid da ɗankwali a ɗaure, ya dafa falle, ya ɗaga babban yatsa. Ga rubutun nan ana karanta shi tar, har jelar.

"Ranar da ya rubuta, da ka tafi cin abinci, ya sa jikarsa ta ɗauke shi," in ji Abu Turki yana share hawaye. "Shi da kansa ya tura guruf ɗin dangi. Har na Jidda sun gani. Matarsa ma a fuskar wayarta ta sa shi."

Na ce, "Wato duk waɗanda ke tsaye a tsakar gidan nan sun sani?"

"Har mai aikin gidan."

"To me ya sa ba wanda ya yi magana? Saura ƙiris a sa ni a jirgi!"

"Wa zai faɗa masa? Ni? Dukkanmu kai muka zuba wa ido. Wallahi, ya Ilyas, da ka juya fallen nan, duk da kai ke da gaskiya, da ban isa in riƙe ka ba."

Ya tada mota. Mun yi ɗan nisa na ce, "Ita barandar istirahar fa, yaushe?"

"Asabar," in ji shi, dariyar ta sake taso masa. "Ya ce in gaya maka, tunda yanzu hannunsa ya faɗa, wannan karon duka bango ukun shi zai jagoranta."